Yaƙin Napoleon a Rasha, 1812: Lissafin Ciki da Kofato

Ranar 3 ga Disamba 1812, a wani ƙaramin gari mai suna Molodechno, Sarkin Faransa Napoleon ya sa aka rubuta sanarwar yaƙi ta 29, wadda ta fito a jaridar gwamnati a Paris ranar 16 ga watan. A cikinta ne ya shaida wa mutanensa cewa rundunar da ya tafi da ita Rasha ta lalace, ya kuma ɗora laifin a kan sanyi. Wai komai na tafiya daidai har farkon Nuwamba, sai hunturu ya sauko, dawakai suka riƙa faɗuwa dubu-dubu cikin dare. Ya rufe da cewa lafiyar Mai Martaba ba ta taɓa kai haka kyau ba. Uzurin ya yi farin jini domin ya wanke kowa, tunda ba wanda zai tuhumi janar don dusar ƙanƙara ta zuba.

Sai dai alƙaluma ba su goyi bayansa ba. Mutum kusan 450,000 ne suka fara haye kogin Niemen, iyakar Rasha ta yamma, daga ranar 24 ga Yuni, kuma da waɗanda suka biyo baya adadin ya haura 600,000. Daga cikinsu, babbar rundunar tsakiya da shi kansa ya ja ta kusa 300,000. Ranar 14 ga Satumba da ya shiga Mosko, kimanin 100,000 ne a bayansa. Wasu an bar su gadin garuruwa, wasu sun faɗi a fagen fama, amma mafi yawa yunwa da cuta da tserewa ne suka cinye su, a cikin zafin bazara, tun ƙanƙara ba ta zo ba.

Tushen rigimar kasuwanci ne da girman kai. A 1807 Napoleon da Sarkin Rasha Alekzanda na Ɗaya sun yi sulhu a Tilsit, a kan wani dandamalin katako da aka ɗaure a tsakiyar wannan kogi na Niemen, Rasha ta yarda za ta rufe tashoshinta ga kayan Ingila. Amma Ingila ce babbar mai sayen katako da igiya da kitse da hatsin Rasha, don haka takunkumin ya karya manyan masu gonaki, darajar kuɗin ƙasar ta faɗi. A ƙarshen 1810 Alekzanda ya buɗe ƙofa ga jiragen 'yan ba-ruwanmu, ya kuma lafta haraji a kan kayan ƙawa na Faransa. Ga kuma ƙaramar ƙasar Folan da Napoleon ya kafa a Warsaw, wadda Rasha ke kallo kamar wuƙa a maƙoshi. Abin lura shi ne Napoleon bai fito da niyyar cin Mosko ba. Burinsa ya tare sojojin Rasha kusa da iyaka, ya murƙushe su cikin 'yan makonni, ya tilasta wa Alekzanda komawa kan alƙawari. Guzurin da aka tsara ma shaida ne: na kwana 24, huɗu a jakar soja, 20 a cikin kekunan doki.

Don a gane inda gizo ke saƙa, sai an san yadda Napoleon ya saba ciyar da soja. Yakan raba runduna gida-gida, kowane kashi mutum 20,000 zuwa 30,000 ko fiye, da igwoginsa da mahayansa, su bi hanyoyi daban-daban suna cin abin da suka tarar a ƙauyuka, sai ranar gumurzu su haɗu. Da haka ya riƙa yi wa abokan gaba ba-zata, domin ba ya jan dogon ayarin kaya. Dabarar ta ci a arewacin Italiya da kudancin Jamus, ƙasashe masu yawan jama'a da rumbuna da hanyoyi masu kyau. Lituweniya da yankin da ake kira Belarus yanzu kuwa daji ne da fadama, ƙauyuka nesa da juna, manoma talakawa. Ga shi kuma ƙarshen Yuni ne, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba.

A yi lissafi a hankali. Rabon sojan Faransa a yini shi ne burodi giram 750 da nama giram 250, da ɗan shinkafa ko wake. Mutum 450,000 ke nan suna buƙatar burodi kusan tan 340 kowace rana. Wannan ma mai sauƙi ne. Dokin aiki yana cin kusan kilo 10 a yini, rabi hatsi rabi ingirici, kuma dawakan rundunar sun haura 150,000, na hawa da masu jan igwa fiye da 1,000 da masu jan kaya. Abincinsu kaɗai tan 1,500 ne a rana, wato buhu 15,000 mai kilo 100, lodin tirela 50 a ma'aunin yau, kullum ta Allah. Babu wani ayarin kekuna a duniyar wancan zamani da zai iya ɗaukar wannan. Shi ya sa aka jinkirta fita har ƙarshen Yuni, ana jiran ciyawa ta tashi dawaki su yi kiwo a hanya.

Keken doki kuma yana da wata illa da ba ta da magani: abin da ke jansa yana cin abin da ya ɗauko. A ɗauka keke mai doki huɗu ya ɗauki kilo 1,200. Dawakan huɗu suna cin kilo 40 a yini, ke nan cikin kwana 30 sun cinye lodin gaba ɗaya. In suna yin kilomita 20 a rana, kwana 15 zuwa da 15 dawowa, to a nisan kilomita 300 keken bai kai wa kowa ko ƙwaya ba. Tsakanin Niemen da Mosko kuwa kusan kilomita 1,000 ne, kamar daga Kano zuwa Legas.

Ba za a ce Napoleon ya jahilci wannan ba. Ya karanta labarin Sarkin Suwidin Charles na 12, wanda Rasha ta halaka rundunarsa a Poltava a 1709, kuma shirin da ya yi wa yaƙin 1812 ya fi na duk yaƙe-yaƙensa na baya. An cika rumbuna a Danzig da Königsberg da bakin kogin Vistula. An tanadi dubban kekuna, wasu shanu ne ke jan su, da nufin in kaya sun ƙare a yanka shanun. An koro garkunan shanu a bayan soja. A takarda komai ya zauna daram.

A ƙasa kuwa, manyan kekunan an ƙera su ne don hanyoyin yammacin Turai, ga su nan kan turɓaya da rairayi. Soja yana gaba yana sauri don ya cim ma Rashawa, gari da shinkafa suna can baya da tafiyar kwanaki. Sai kuma a ƙarshen Yuni, daidai lokacin da aka shiga birnin Vilna, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya na kwanaki, da sanyi mai ratsa ƙashi bayan tsananin zafi. Hanyoyi suka zama taɓo, kekuna suka kafe har gindi. Dawakan da aka gajiyar, aka cika musu ciki da ɗanyen hatsin da bai nuna ba, suka kamu da kumburin ciki. An ƙiyasta kusan 10,000 ne suka mutu cikin 'yan kwanakin nan, ba a ko gwabza da kowa ba. Duk mai kiwon doki ya san abin da ɗanyen hatsi ke yi wa dabbar da ta saba da busasshe. Daga baya har jinkar ɗakunan manoma aka riƙa yayewa ana ba su.

Mutane ma ba su tsira ba. Samun hatsi daban, samun burodi daban: sai an niƙa, an kwaɓa, an gina tanda, an sami itace da lokaci. Sojan da ke tafiya kullum ba shi da ko ɗaya, sai ya dafa tsabar ko ya dama garin da ruwan kududdufi ya sha. Atini ya ɓarke. Ƙwarƙwata kuma ta yaɗa zazzaɓin taifus a tsakanin mutanen da ba sa wanka ba sa sauya tufa. A 2001 masu aikin gini a Vilnius, wato Vilna ta da, suka tono wani babban kabari mai ƙasusuwan sojojin Napoleon fiye da 3,000, kuma binciken da aka yi a haƙoran wasunsu ya gano alamun cututtukan da ƙwarƙwata ke ɗauka. Ga kuma matsalar horo. Faransawa ba su kai rabin rundunar ba, sauran 'yan Folan ne da Jamusawa da Italiyawa da 'yan Holan da Suwizalan da sauransu, da yawa yara ne sababbin ɗauka. Wanda aka tura neman abinci ya yi nisa, sau da yawa ba ya dawowa.

Su kuwa Rashawa, ja da bayan da suka yi rabi dabara ce rabi tilas. Janar Barclay de Tolly yana da mutum kimanin 120,000 a arewa, Bagration yana da ƙasa da 50,000 a kudu, tsayawa a iyaka kashe kai ne. Napoleon ya so ya datse Bagration tsakanin Mashal Davout da Jérôme, ƙanin shi Napoleon, amma Jérôme ya yi nawa, da aka yi masa faɗa kuma ya yi fushi ya koma gida. Rundunonin Rasha biyu suka haɗu a Smolensk a farkon Agusta. Duk inda suka bari sai sun ƙone rumbu ko sun kwashe, kuma su kullum kusantar ma'ajiyarsu suke yi, shi yana nisantar tasa. Tun kafin a fara ma Alekzanda ya rufe ƙofofin bayansa: ya shirya da Suwidin, ya kuma yi sulhu da Daular Usmaniyya a Bucharest a watan Mayu, abin da ya 'yanta masa runduna guda daga bakin kogin Danube. Za a sake jin labarin wannan rundunar.

Sau biyu Napoleon ya sami damar tsayawa, a Vitebsk a ƙarshen Yuli da Smolensk bayan faɗan 16 zuwa 18 ga Agusta, kuma wasu na kusa da shi sun ba shi shawarar haka. A nan adalci ya wajaba a yi masa. Runduna mai wannan girma in ta zauna wuri guda, cikin kwanaki za ta cinye yankin ƙarƙaf, saboda haka tsayawa ma yunwa ce. Komawa baya ba tare da nasara ba kuma zai nuna wa Jamusawa da Ostiriya cewa ana iya taɓa shi. Gaba kura, baya sayaki. Ya zaɓi gaba, yana fatan Rashawa ba za su bar Mosko ba faɗa ba.

Ba su bari ba. Kutuzov, dattijon da aka naɗa babban kwamanda a watan Agusta saboda manyan Rasha sun gaji da gudun Barclay, ya ja daga a Borodino, kimanin kilomita 120 yamma da Mosko. Ranar 7 ga Satumba aka wuni ana ɓarin wuta. Faransa ta yi asarar kusan 30,000 tsakanin matattu da masu rauni, Rasha fiye da 40,000, Bagration ya sami raunin da ya zama ajalinsa. Da yamma janar-janar suka roƙi Napoleon ya saki dakarun fadarsa su ƙarasa aiki, ya ƙi. An daɗe ana zarginsa a kan wannan, amma mutumin da ke nesa da gida haka, kuma wannan ce kaɗai rundunarsa da ba ta taɓu ba, ba abin mamaki ba ne ya riƙe ta. Sojojin Rasha suka janye a tsare, da igwoginsu.

Mosko ta zo hannu fayau. Mafi yawan mazaunanta, su kusan 270,000, sun fice, gwamnan birnin Rostopchin ya sa an kwashe injinan kashe gobara, wuta ta tashi a daren farko ta ci kwana huɗu, ta lashe fiye da kashi biyu cikin uku na birnin. Duk da haka ɗakunan ajiya na ƙarƙashin ƙasa sun tsira, soja ya sami gari da giya da sukari. Abin da babu shi ne ciyawa. Mahayan Murat, kwamandan sojan dokin Napoleon, da ke sansani a kudu da birnin suna kallon dawakansu suna ramewa, duk ayarin da ya fita neman ingirici kuma sai mahayan Rasha da ake kira Kosak ko manoma su far masa. Napoleon ya zauna kwana 35 yana jiran amsar tayin sulhu, Alekzanda ya yi masa shiru. Kutuzov kuwa yana Tarutino ya tare hanyar Kaluga mai rumbuna da Tula mai maƙerun bindiga, kullum ƙarin mutane da dawakai na zuwa masa.

A cikin waɗannan makonni biyar ne aka yi sakacin da ya fi kowane tsada, kuma ƙaramin abu ne. Doki mai takalmin ƙarfe sumul ba ya iya tsayuwa a kan ƙanƙara, balle ya ja igwa ya hau tudu. Maganin shi ne maƙeri ya sa wa takalmin ƙusoshi masu tsini da ke cizon ƙasa. Caulaincourt, mai kula da bargar sarki, wanda ya yi jakadanci a Rasha ya san hunturunta, ya sa an yi wa dawakan fada haka, 'yan Folan ma da yawa sun yi. Sauran runduna ba a ba da umarni ba.

Ranar 19 ga Oktoba aka bar Mosko da dubban kekuna maƙare da ganima, a inda ya kamata a ɗora abinci. Niyyar ita ce a bi ta kudu, ƙasar da yaƙi bai taɓa ba. A Maloyaroslavets ranar 24 ga wata aka yi ƙazamin faɗa, garin ya riƙa sauya hannu, Faransawa suka riƙe shi a ƙarshe, amma washegari 'yan Kosak suka kusa kama Napoleon kansa. Sai ya juya ya koma tsohuwar hanyar Smolensk, wadda rundunoni biyu suka riga suka cinye suka ƙone. Suka ratsa ta Borodino, gawarwaki na nan a fili bayan mako bakwai.

Dusar ƙanƙara mai ƙarfi ta fara wajen 6 ga Nuwamba, ta tarar da dawakan da dama ƙashi da fata ne. Daga nan abin ya riƙa jan juna. Doki ya zame ya faɗi, a bar igwa. Wani ya faɗi, a bar keken gari. Babu mahaya, babu mai raka masu neman abinci, sai kowa ya fita shi kaɗai, ya yar da bindiga don ya ji sauƙin tafiya, ya zama nama ga 'yan Kosak. Da aka isa Smolensk ranar 9 ga Nuwamba, abincin da aka tara bai kai yadda aka zata ba, masu rabo suka nace sai an kawo takarda daga kwamanda, alhali rabin mutanen ba su da sauran kwamanda, aka fasa rumbunan aka wawashe cikin kwanaki. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: Rashawa sun ƙwace ma'ajiyar Vitebsk, kuma ranar 16 ga wata rundunar nan ta Danube, ƙarƙashin Chichagov, ta kama Minsk da babban rumbunta. Ta wuce ta tare gadar Borisov a kan kogin Berezina, aka ƙone gadar.

A nan wani abin mamaki ya faru: rashin sanyi ne ya kusa halaka Faransawa. Da kogin ya daskare da an taka an wuce, amma iska ta ɗan sassauta, ƙanƙarar ta narke, ruwa ya cika yana tafe da manyan ɓaraguzanta. Kwanaki kaɗan kafin haka, a Orsha, Napoleon ya sa an ƙone kwale-kwalen gada don a ba igwogi dawakansu. Janar Éblé, shugaban masu gina gada, ya ɓoye maƙera biyu na tafi-da-gidanka da gawayi da 'yan kekunan kayan aiki. Aka yaudari Chichagov ya nufi kudu, su kuma suka sauka a ƙauyen Studianka a arewa, suka rushe gidajen katako na ƙauyen, suka sassaƙa ƙafafun gada, maƙera na ƙera ƙusoshi duk dare. Mutum kusan 400, da yawansu 'yan Holan, suka shiga ruwa har kafaɗa suna kafa ƙafafun a cikin laka. Ranar 26 ga Nuwamba gada biyu suka tsaya, kowace kimanin mita 100, ɗaya ta masu ƙafa, ɗaya ta igwa da kekuna. Ta igwar ta karye fiye da sau ɗaya, kowane karo su sake komawa ruwa. Masu ɗauke da makami suka haye, kwamandojin Napoleon Oudinot da Ney na tare Chichagov a yamma, ɗan'uwansu Victor na tare wani janar na Rasha, Wittgenstein, a gabas. Dubban marasa makami da mata da yara kuwa suka ƙi tashi daga bakin wuta da dare lokacin da gada ke fili, sai da harsashin igwa ya fara sauka suka yi cincirindo suna tattake juna. Da safiyar 29 ga wata Éblé ya cinna wa gadojin wuta, aka bar dubbai a wancan ƙetare. Kaɗan ne daga masu ginin suka rayu, shi ma ya rasu a Königsberg a ƙarshen Disamba.

Sanyin gaske bayan Berezina ya zo, har ya kai digiri 30 ƙasa da sifiri a farkon Disamba, ya ƙarasa waɗanda yunwa ta riga ta gama da su. Napoleon ya bar runduna a Smorgon ranar 5 ga wata ya nufi Paris, inda wani Janar Malet ya taɓa yunƙurin juyin mulki da ƙaryar cewa sarki ya mutu. A Vilna akwai abinci mai yawa, amma babu sauran tsarin da zai raba shi. Ney ya haye Niemen da 'yan tsirarun masu tsaron baya a tsakiyar Disamba. Hunturun bai bar Rashawa ba su ma: rundunar da Kutuzov ya taso da ita daga Tarutino ba ta kai Vilna da rabinta ba. Bambancin shi ne marasa lafiyarsu suna cikin ƙasarsu, da yawa sun warke sun dawo.

Mutane Napoleon ya iya mayarwa. Cikin 'yan watanni ya ɗebi sababbin yara ya tara wata runduna, duk da Janar Yorck na Purushiya, wanda ke yaƙi a ɓangarensa, ya riga ya ɓalle ya shirya da Rasha a Tauroggen ranar 30 ga Disamba. Doki ne ya gagara, domin kafin a haife shi ya girma a hore shi ya saba da ƙarar igwa sai an yi shekaru, haka ma mahayinsa. A watan Mayun 1813 ya ci Rasha da Purushiya a Lützen da Bautzen, amma duka biyun suka janye a tsare don ba shi da mahayan da za su bi su. A farkon Yuni ya yarda da tsagaita wuta, kuma ƙarancin sojan doki na cikin dalilan da shi kansa ya bayar. Kafin wa'adin ya cika a watan Agusta, Ostiriya ta gama shiri ta shiga sahun abokan gabansa.